Tsuntsun da Ke Riƙon Ƙwai a Kan Ƙafafunsa

Jarwal, Makka
Zulƙida, 1373

Ya Ummulkhairi, ruwan randata mai sanyi, inuwar da nake fakewa in duwatsun Makka sun ɗau wuta, sallama gare ki. Yaya jikin Inna? Tun ranar da kika miƙo mini 'yarmu Rumasa'u a bakin jirgi a Jidda, kika ja mayafi don kada in ga idonki, kika haye teku zuwa Bur Sudan jinyarta, ɗakin nan ya yi mini faɗi. Hajji ya wuce, ga wani ya ƙarato, shiru!

Wani alhaji ya sauka gidanmu, Wada, Bahaushe da ya tsufa yana zuba kwal a jiragen masu farautar manyan kifaye. Ya ce can ƙarshen kudu akwai ƙasa fara fat, ƙanƙara zalla, ba itace, ba gari, ba ladan. Duwatsun ƙanƙara na yawo kan teku, wani ya fi dutsen Jabal Nur girma. Yanzu haka wai rana ta faɗi can, sai bayan watanni za ta fito. Maƙwabta suka ce zafi ya taɓa tsoho. Ni ban yi dariya ba, don a wannan ƙasar nake kwana, ko da gumi na jiƙa mini riga.

Sai ya kawo zancen wani tsuntsu mai farin ƙirji, mai tafiya tsaye kamar mutum. Macen takan ɗora wa namiji ƙwai a kan ƙafafunsa, ta tafi teku. Shi kuwa ya tsaya cikin duhu da iska, ba ci ba sha, har ta dawo ta tsinto shi cikin dubbai da muryarsa kawai. Wayyo, Ummulkhairi! Wa ya kai wa tsuntsun nan labarina?

Amma nawa ƙwan ya ƙyanƙyashe, har yana magana. In na fita sayar da ruwa, wurin yayata Shatu nake barin yarinyar, kuma Shatu ta nace sai ta tafi da ita Madina bayan Hajji. Na ƙi, zan kuma ci gaba da ƙi. Sai dai jiya Rumasa'u ta faɗi ta ƙuje gwiwa, ta tashi tana kuka tana kiran Umma, ta ruga wurin Shatu.

Don girman Allah ki biyo jirgin alhazai, ko da Inna a goye. Ni ko bayan shekara arba'in kika yi tari tsakanin Safa da Marwa zan gane ki. Rumasa'u ce ba za ta iya gane ki ba.

Naki, tsaye inda kika bar ni har numfashi ya ƙare,
Mukhtaru