Hoton Nedyalko Yana Dariya

Zuwa ga jikata Radostina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da tsofaffin Jamus ɗin da kike wanke wa ƙafa, alhali taki tsohuwar tana nan da ƙafafunta biyu. Kada ki kumbura baki, tsokana ce.

Kin ga wasiƙa kamar zamanin da ko? Kwamfutar kakanki Nedyalko ce ta ƙi tashi, waya kuma kin san kunnena. Na danna maɓalli, ta yi tit-tit-tit, ta yi gum. Allon baƙi ƙirin. Halin mai ita sak: a yi masa magana ya yi gunaguni ya juya baya.

Ga abin da ya dame ni. An kusa cika wata shida da rasuwarsa, za a buga sabuwar takardar tunawa a liƙa a ƙofar gida da bakin coci. Ta arba'in da hoton katin shaidarsa aka yi ta, fuska a murtuke kamar wanda aka kama da akuyar sata. Kullum na fita sai ya harare ni. Ni wanda kika ɗauka ranar tsinkar inabi nake so, wanda yake dariya har ana ganin giɓinsa. Duk zamanmu sau ɗaya na'ura ta kama Nedyalko yana dariya, kuma hoton yana cikin akwatin kwamfutar nan. Ko yana wayarki?

Kakarki Velika

*

Kaka tawa,

Ina gaishe ki da kyau, ina kuma gaishe da maƙwabciyarki Spaska. Kaka, waccan wayar ta faɗa ruwa tun bara, komai ya tafi. Na tambayi kowa, babu mai hoton.

Amma kada ki karaya. Ki fara duba igiyar wuta, gaba da baya. In ba ita ba ce, ki zare ta daga bango, ki kwance murfin gefen akwatin. Za ki ga wasu koraye guda biyu, dogaye kamar mataji. Ki cire su, ki hure ƙura, ki mayar har sai sun ce ƙas. Ki ga ko fankar ciki tana juyawa. Don Allah ban da ruwa da sabulu, na san ki.

Taki, Radostina

*

Uwar iyayi,

Gaisuwa da fatan alheri. Ni da Spaska mun yi wa majinyaciyar tiyata a kan teburin cin abinci. Ita ta riƙe tocila tana addu'a, ni na riƙe sukudireba. Na cire matajan na mayar. Spaska ta ce, "Velika, a hankali, kada ki taɓo mata zuciya." Na ce, "Ke dai haska, likitar kaji." Muka kunna. Tit-tit-tit. Fankar ko motsi, ta ƙame.

Ƙura kuwa kada ki zarge ni, a rufe take ruf. Ranar da kakanki ya cika, da muka rufe madubai bisa al'adar makoki, Spaska ta ce allon nan ma yana nuna fuska. Sai na ɗauko bargon gashin akuya na lulluɓe shi har da akwatin, na cusa gefe da gefe, har arba'in ta wuce. Ban kashe ta ba, don kakanki ya hana, wai tada ta wahala ne. Ɗumi take yi mai daɗi, kyanwa ma can ta tare.

Shekaranjiya na rungume kwamfutar na hau bas zuwa garin Troyan. Wata mata ta ba ni kujera, ta ɗauka jariri ne. Mai gyara ya ciro faifan da hotuna ke ciki, ya jona a tasa, ya kara kunne. Ƙas, ƙas, ƙas. Ya girgiza kai irin na likitan da ya duba kakanki.

Za ki zo addu'ar wata shidan? Zan dafa alkamar sadaka da zuma yadda kike so.

Kakarki

*

Kaka,

Ina gaisuwa. Tsufa ne kawai ya kama kwamfutar, ba abin da kika yi mata. Ki cire ta a ranki.

Sun hana ni hutu, Kaka. Ki yafe mini. Ki kunna masa kyandir ɗaya da sunana.

Radostina

*

'Yar nema,

Ina gaishe ki. Ba ki iya ƙarya ba, kakanki kika gado. Mai gyaran ya riga ya faɗa mini abin da bargo yake yi wa fanka. Na dafa ta kenan, da ladabi da biyayya.

An yi addu'a, na kunna kyandir ɗinki. An liƙa takardar, yana nan a ƙofa yana hararata, yanzu kam da dalilinsa.

Abu ɗaya zan tambaye ki. Jiya na zauna ina son in tuno dariyar nan, sai na rasa. Giɓin nan, a hagu yake ko a dama? Spaska ta ce hagu, amma ita idonta ya tafi. In kin tuna, ki rubuto da wuri.

Ki huta lafiya.

Kakarki Velika