Wuƙar Babanka da Akuyar Nasarawa

Zuwa ga ɗana Abba, a gidan kawunsa da ke Azare.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kuma kunnen nan naka ya daina zubar da ruwa. Ka gaishe min da kawunka Sale da iyalinsa, ka ce ina godiya da riƙon da suke maka.

Ranar Juma'a ka tambaye ni a waya ko za ka iya dawowa gida kafin Babbar Sallah. Na ce zan yi tunani, na kashe wayar. Ka san halina, ba na jan magana a kan abin da ya shafi 'ya'yana. Eh ko a'a nake cewa in tashi. Wannan karon bakina ya ƙi. Shi ya sa na zauna na rubuta, na ce ƙanwarka Maryam ta sa a shafinta. A cikin wayoyin mutane aka yi maka shari'a, to su ma su karanta abin da uwarka ta sani.

Zan fara da wuƙar, tunda ita kowa ke magana a kai, musamman waɗanda ba su taɓa ganinta ba. Na ji an ce adda ce. Na ji an ce irin ta 'yan sara-suka ce mai baki biyu. Kai ka san 'yar wuƙar aljihu ce mai naɗewa, ba ta kai tsawon tafin hannuna ba, ƙotarta ta yi baƙi saboda shan hannu. Ta babanka ce, tun yana aiki a masaƙa a Kakuri.

Da ita yake raba goro a bakin ƙofar masaƙa, ya miƙa wa Musulmi ya miƙa wa Kirista, ba wanda ya taɓa ja da baya. Da ita yake feƙe muku fensir, ya jera su a kan tabarma kowa ya ɗauki nasa. Da ita yake fere muku rake a ƙofar gida, kuna rigimar wa zai samu gaɓar tsakiya. Idan wani ya zo aro, sai ya yi dariya ya ce, "Kai ma ka sayi taka mana, kullum aro kamar baƙo."

Da ya rasu, ni na ɗauko ta daga aljihun rigarsa na ba ka. Ban ɗauki hakan laifi ba a ranar, yau ma ban ɗauka ba. Kai kafinta ne. Da ita kake feƙe fensirin da kake zana katako, da ita kake yanke igiya. Ban haifi ɗan daba ba, kuma duk wanda ya ce na haifa, mu haɗu da shi gaban Allah.

Ka tuna ragon Alhaji Inuwa maƙwabcinmu, da igiya ta shaƙe shi ba kowa a gidan? Babanka ya ji kakarinsa, ya tsallaka katanga, ya yanka shi kafin ya cika. Kana tsaye kana kallo. Da Alhaji ya dawo, har gida ya zo godiya, ya aiko mana da cinya guda. A wurinmu haka abin yake. Dabba in ta mutu ba yanka ta zama mushe, an yi asara, sai a jefar. Wanda ya tarar da ita da sauran rai ya yanka, ya ceci dukiyar ɗan'uwansa. Ni ma na sha gaya muku, kada ku ga asara ta doso mutum ku wuce kuna kallon gefe. Wannan tarbiyyar na ba ka, ita ka ɗauka ka fita da ita.

Ga abin da ya faru, kamar yadda kai da waɗanda suka ga farkonsa kuka gaya min. Da la'asar ka taso daga shagon maigidanka Oga Bitrus a unguwar Nasarawa za ka dawo Unguwar Mu'azu. Wata mota ta buge akuya a bakin titi, ta wuce ba ta tsaya ba. Akuyar tana shure-shure, bayanta ya karye. Ba ka tambayi ta wace ce ba. Ka durƙusa, ka juya ta gabas, ka zaro wuƙar, ka yi bisimilla da kabbara, ka yanka.

Abba, akuyar ta wata mata ce 'yar Binuwai mai sayar da doya da lemo a wurin. A wurinta babu wani abu wai shi mushe. Ba ta ga motar ba, tana cikin rumfarta tana sallamar mai sayayya. Ta fito ta ga baƙon saurayi da hula, ya danne akuyarta, yana kabbara, jini yana tsartuwa. Ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu da Turancin kasuwa: "Aboki don bring knife o!" Wato Bahaushe ya zo da wuƙa. Ka san garin nan. Ka san abin da kabbara da wuƙa suke tuna wa mutanen wancan gefen, kamar yadda akwai abubuwan da mu ma in mun ji su a nan muke rufe ƙofa.

A nan zan yi maka faɗa, don ba zan fasa yi maka faɗa ba saboda kana ciwo. Da ka ga mutane sun taso, me ya hana ka yar da wuƙar? Ka miƙe tsaye da ita a hannu, jini har gwiwar hannunka, kana ƙoƙarin yi musu bayani. Wa ke sauraron bayani daga bakin mai riƙe da wuƙa? Na san amsarka. Ta babanka ce, ba ka so a tattake ta. To ga shi an tattake ka.

Ba don Baba Ishaya ba, da yau ba wasiƙa nake rubuta maka ba. Tsohon da suka yi masaƙa tare da babanka, mutumin kudancin jihar nan, yana zaune a shagon ɗansa ya hango. Ya kutsa da sandarsa ya kwanta a kanka. An ce ihu yake yana cewa, "Ku fara kashe ni, 'ya'yan banza! Ɗan Garba ne, tare muka shaƙi ƙurar auduga da ubansa!" Shi ma ya sha duka a haƙarƙari kafin 'yan sanda su iso su ɗauke ku. Har yau in ya yi tari sai ya dafe gefe. Ka riƙa sa shi a addu'a.

Na ɗauka da aka sallame ka daga asibiti magana ta ƙare. Ashe wani ya ɗauki bidiyo. Bai ɗauki motar ba, bai ɗauki akuyar tana shure-shure ba. Daga inda ka miƙe da wuƙa ya fara. Kafin ka iya buɗe idon da ya kumbura, fuskarka ta kai Gonin Gora, ta kai Sabo, ta kai garuruwan da ba mu da kowa. A ƙasan hoton kowa ya rubuta abin da ransa ke so. Wani ya ce mutum ka yanka. Wani ya ce an turo ka ne ka gwada unguwar. Maryam ta yi ta ba su amsa tana kuka, har na ƙwace wayar.

Oga Bitrus ya zo har gida da kayan aikinka a buhu. Mutumin Filato ne mai kunya, ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce, "Mama, ni na san Abba, ko makullin gidana zan ba shi. Amma yanzu wa zai bar shi ya shiga ɗakin kwanansa ya ɗaura ƙofa?" Ban ga laifinsa ba. Na ba shi ruwa ya sha, ya tafi.

Liman ma ya tare ni a hanya ya ce, "Maman Abba, yaron ya yi aikin lada, sai dai bai duba inda yake tsaye ba." Na ce haka ne, Malam. Me zan ce?

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya sa na tura ka Azare, kuma ban gaya maka dukansa ba sai yau, namu ne na cikin unguwa. Samarin layinmu sun mayar da kai jarumi. Hoton nan da ya hana ni cin abinci, shi suka ɗora a wayoyinsu suna alfahari. Yaran da ba su san yadda ake fere lemo ba, yanzu kowa da wuƙa a ƙugu, in an tambaya su ce irin ta Abba ce. Sagiru abokin ƙwallonka ya jagoranci wasu suka zo ƙofar gida. Ya ce, "Umma, wallahi Abba ya fitar da mu kunya. Ranar da zai dawo, da babura za mu tarbo shi daga tasha, mu ratsa ta Nasarawa su gan mu da kyau."

Na ce masa uwarsa ya kamata ya fitar kunya, ya je ya nemi sana'a. Na ce ɗana akuya ya taimaka wa, ba yaƙi ya je ba. Suka yi dariya suka ce Umma ba ta gane ba. Na gane sarai. Na ga irin wannan dariyar a garin nan kafin a haife su, na kuma ga gawarwakin da aka jera bayanta. Har yanzu duk mako sai ɗayansu ya leƙo ya tambayi Maryam yaushe za ka iso.

Makon jiya na roƙi Baba Ishaya ya raka ni wurin mai akuyar. Sunanta Doshima. Na tafi da faɗa cike da bakina, na shirya abin da zan gaya mata tun daga gida. Da Baba ya ce mata ga uwar yaron, sai ta zube a ƙasa ta riƙe ƙafata. Ta ce daga baya masu shagon kusa sun gaya mata batun motar. Ta ce an kashe ƙanenta a ƙauyensu, a gona, da wuƙa, shi ya sa ta baro can, kuma ranar da ta gan ka ba kai ta gani ba. Ta ce ko naman ba ta iya ci ba. Na tsaya a kanta, na nemi faɗan da na zo da shi na rasa. Na ɗaga ta, muka zauna a kan benci.

Da zan tafi ta cika min leda da lemo, ta rage murya ta ce, "Mama, kada ya biyo hanyar nan. Ni na gaya wa samarinmu gaskiya, ba su ji ba. Yaran nan har yanzu hotonsa na cikin wayarsu."

To ka gani. Can suna jiranka, nan ma suna jiranka, kuma babu wanda yake jiran Abba kafinta. Na duba garin nan da na haife ka a cikinsa, na rasa layin da zan ce ka bi ka iso gida lafiya. Tsofaffin unguwa yanzu da farce suke ɓare goro in sun fita. Mai yankan farcen da ke zuwa layinmu ya ce ya daina tsallaka titi da kayan aikinsa. Masu kirki sun ajiye nasu a gida, marasa kirki sun ƙara wa nasu tsawo. Ban ga alamar gyara ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa na gani ba.

Ga amsarka, ɗana. Kada ka dawo Sallar nan. Kada ka dawo ta baɗi ma, sai in ni na kira ka da bakina, kuma ban san ko zan kira ba. Ko an ce maka ba ni da lafiya, ka tambayi kawunka tukuna. Na yi magana da shi ya nema maka wurin da za ka kafa benci a can. Maryam za ta sa buhun kayan aikinka a mota. In ka ga yarinyar kirki a Azare, ka gaya min, ba zan ce sai 'yar Kaduna ba.

Na san ban saba gaya maka magana mai laushi ba. Ƙofar kicin ɗin da ka fara yi min tana nan jingine a zaure, ba fenti, ba makulli. An kawo min wani kafinta ya ƙarasa, na ce a bar ta. In zan fita sai na shafa gefen da ka goge. Hannunka yana da kyau, Abba. Ban taɓa gaya maka ba don kada kanka ya kumbura.

Bayan Sallah, in gwiwoyina sun yarda, ni zan shiga mota in zo in gan ka. Ka daina kwanciya a kan kunnen mai ciwo. Kada ka bar sallah a jam'i, kada ka riƙe kowa a zuciya, har da wanda ya ɗauki bidiyon. Wannan umarni ne, ba shawara ba.

Allah Ya tsare min kai inda idona ba ya kaiwa. Allah Ya warkar da kai, Ya ba Baba Ishaya lafiya, Ya sanyaya zuciyar Doshima. Allah Ya shirya Sagiru da abokansa kafin su jawo wa iyayensu abin da ba a gyarawa. Allah Ya jiƙan babanka, da Ya ɗauke shi bai ga wannan ba. In an rubuta za ka sake kwana a ɗakinka, Allah Ya sa ina raye in share maka shi.

Mahaifiyarka,
daga Unguwar Mu'azu, Kaduna.