Lambar da Hawwa Ta Ƙi Karɓa

Daren Laraba

Yau a garin Managil na ga 'yan guruf ɗinmu na waya ido da ido, bayan shekara muna hirar tattalin kuɗi. Hajja Zainaba mai ba mu dariya kullum, kuka ta yi. Mijinta ya rasu, kuɗin alkamarsu suna cikin wayarsa, ba wanda ya san lambar sirrin.

Ni ma ko matata Hawwa ban taɓa gaya wa tawa ba. Ina dawowa na rubuta a takarda na miƙa mata. Ta janye hannu.

"Abu Isa, me likita ya ce maka?"

Na rantse lafiyata lau, ba ta yarda ba. Ga takardar nan kan tabarma. Ita ta ƙi ɗauka, ni kuma na kasa mayar da ita aljihu.