Ƙyallin Kwanukan Baba

Yaya,

Ina gaishe ka da kyau. Ya jikin Baba? Ya Inna da yara? Allah ya sa kowa lafiya.

Ni ina nan ƙalau. A masana'antar tukwanen da nake aiki ba a zubar da komai. Kwanon da ya lalace kafin a gasa shi, jiƙa shi muke yi ya koma yumɓu. Sai dai kwanan baya an gwada jinin ma'aikata, likita ta tsayar da ni ta ce, "Kin taɓa aiki da dalma?" Na ce mata tun ina ƙarama nake taya Baba fasa tsohon batirin mota, muna haɗa abin da ake shafa wa kwanuka su yi ƙyalli. Ta ce ciwon kan da ke damuna ba na gajiya ba ne, dalmar batirin ce ta taru a jinina. An ba ni magani, da sauƙi. Kada ka gaya wa Inna.

Don Allah, Yaya, ku bar haɗin nan. Mu a nan da tokar itace muke yi, zan koya muku. Na san masu saye ƙyallin suke bi, kuma Baba zai ce tun yana saurayi yake yi bai mutu ba. Amma kai yana jin maganarka.

Kafin ka shawo kansa, yau ɗin nan ka ɗauke koren kwanon da autarka take cin abinci a ciki. In ta yi kuka, ka ce mata ni zan aiko mata da wani.

Ƙanwarka