Ina Gajiya da Sifaniyanci

Kirkissoye, Yamai

Nasara, uwar Rut,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Ina kwananku, ina gajiya, yaya Rut da Inna da mutanen Dogon Dutsi? Ni lafiya lau nake.

Albishirinki. Wata likita 'yar Sifaniya da ke aiki a unguwar Yantala ta ɗauke ni gwajin tuƙi. In ta riƙe ni, zan kama ɗaki in zo in kwaso ku, don wallahi na gaji da zaman gwauro.

Faransancinta bai fi nawa ba, kin kuwa san nawa. Shi ya sa na je wurin Sanusi tela a kasuwar Lazaret, wanda ya yi zaman ƙasarsu, ya koya mini tambaya da yarensu. Ya ce kalma biyu sun ishi direba: donde, wato ina, da kwando, wato yaushe. Na ce ni ɗan mutunci ne, ba zan tari mace da ina za mu kamar ɗan kabu-kabu ba. Na tsare shi sai da ya juya mini gaisuwarmu kaf, daga ina kwana har ina maigida. Yana taka keke yana dariya, na ɗauka ƙwazona ne ya burge shi.

Ki sa mu a addu'a.

Mijinki, Joshuwa

Nasara,

Ina gajiya, yaya gida? Ni kam na ɓaro aiki.

Ashe mutanen nan in ka tambaye su amsawa suke yi da gaske. Na buɗe wa Madam ƙofa na tambaye ta yadda ta kwana, ina jiran lafiya lau in wuce gaba. Sai baiwar Allah ta kama bayani, tana nuna mini cizon sauro. Na daure na tambayi gajiya, ta nuna baya da wuya. Na tambayi maigida, ta ɗaga hannu ta nuna yatsan da babu zobe, fuskarta ta yi ja kamar tattasai. Mai hankali da nan ya tsaya, amma kin san ba a barin gaisuwa a rabi. Ina tambayar mahaifiyarta sai ta fashe da kuka, ga shi ko mota ban tayar ba.

Sanusi ya ce a can ba a yi wa uwar ɗakinka irin waɗannan tambayoyin. Sai yanzu ɗan banzan ya gaya mini. Kada Inna ta ji tukuna.

Naki cikin damuwa, Joshuwa

Nasara tawa,

Ina wuninku, yaya Rut? Ki fara ɗaure kaya.

Washegari na kama bakina, donde kawai na ce. Muna isa Madam ta kira Ramatu, nas ɗin da ke yi mata tafinta, na ce shi ke nan, sallama ta zo. Ashe mahaifiyar Madam ce ba lafiya a ƙasarsu, kuma tun zuwanta Yamai ba wanda ya tambaye ta sai ni. Ta riƙe ni aiki. Yanzu kullum ni ne tambaya, ita ce amsa har mu isa. Rabin maganar ba na ji, sannu kawai nake zubawa.

Amma abin ya tsaya mini a rai. Tun tahowata nake rubuto miki ina gajiya, kina cewa ba gajiya, alhali gona da rijiya da goyo duk a kanki suke. Ni kuma ina karɓa in wuce. Na ji kunya, Nasara, kuma ina kewarki.

Ran Asabar ina tafe. In na tambaye ki gajiya, ki amsa mini irin ta Madam. Ki dai bar ni in sauke jaka tukuna.

Mijinki mai ƙaunarki, Joshuwa