Kibiyar da Ta Nufi Katanga

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ke da Inna. An yarda in rubuta jarrabawar lissafi a nan gidan yari ran goma ga wata. Sau ɗaya tak ake ba fursuna wannan damar.

Kalkulas ya fara zama a kaina, jerin lambobi ma na kama bakin zaren. Bekta ce, lissafin nan na kibiyoyi, ta gagare ni. Ke da kike koyar da ita, ki yi mini misali da abin da idona ke gani. Daga ƙofar ɗakinmu zuwa famfo taku sha biyu ne gabas, daga famfo zuwa katanga taku biyar arewa.

Ƙanenki, Auta.

*

Auta,

Muna lafiya, Inna na gaishe ka. Kai dai tun kana ƙarami sai an tauna maka! Duba zanen: kibiya biyu baƙaƙe su ne tafiyarka, ja ita ce jimillarsu. Taku sha uku ke nan, hanya mafi kusa daga ƙofa zuwa katanga. Ka haddace kafin ranar, kada ka ba ni kunya.

Allah ya ba da sa'a. Yayarka da ba ta gajiya da kai.

*

Malama,

Bayan gaisuwa, ana sanar da ke cewa an riƙe wasiƙarki. Tana ɗauke da taswirar tsakar gidan yari, da awon hanya zuwa katanga, da ambaton wata rana. An killace fursunan, an cire sunansa daga jerin masu jarrabawa.

Jami'in duba wasiƙu.

*

Ranka ya daɗe,

Ina gaisuwa. Sau uku na zo da littafin aji, na wuni a kan bencinku, ba wanda ya buɗe shi. Darasi ne, wallahi darasi ne, yana shafi na arba'in. Ni na zana, ni za ku tuhuma. Raina ya ɓaci, amma roƙo nake: saura kwana huɗu.

Na gode. Malamar lissafi, yayar fursunan.

*

Yaya,

Ina gaishe ku. Jiya aka mayar da ni ɗakinmu. An yi jarrabawar, mutum shida suka rubuta. Ki daina zuwa ofishinsu, kuma kada ki ƙara aiko da littafi.

Idan Inna ta tambaya, ki ce mata faɗuwa na yi.

Ku huta lafiya. Auta.