Na Yi Wa Ɗan Takara Takwara, Yanzu Kunyar Sunan Nake Ji

Hajiya Mas'uda, don Allah ki taimake ni da shawara, raina a dagule yake.

Ni direban keke napep ne a Azare. Akwai wani mai neman takarar shugaban ƙasa a jam'iyyarmu da na ɗauka tamkar uba. Hotonsa har uku na manna a kekena, na sha rasa fasinja saboda musu a kansa. Da matata Bara'atu ta haifi namiji, dangi kaf suka tsaya a kan sunan Kawu Zainulabideen, wanda ya riƙe ni ina maraya, ya kuma ba ni 'yarsa. Shi ya kawo ragon suna daga Bulkachuwa. Ni kuwa ranar suna sai na raɗa wa liman sunan ɗan takara. Kawu ya shafa fatiha, ya sa takalminsa, ko nama bai jira ba.

Bayan sati biyu aka yi zaɓen fid da gwani. Muna kallo a talabijin aka ƙirga ƙuri'u, mutumina ya sha ƙasa. Shi da ya yi ta rantsuwa cewa mulki na Allah ne, zai rungumi duk wanda ya ci! Wata biyu ke nan, yau an yi masa maguɗi, gobe kotu, jibi zai fice daga jam'iyya. Dattijo da furfura, sai ka ce yaron da aka ci a wasa ya ɗauke ƙwallonsa. Wallahi ƙyamarsa nake ji. Hotuna dai na ɓamɓare, to suna fa? Da jaririn ya ƙi kama nono sai matan gidanmu su hau kiransa Sai-Kotu, Bara'atu ta yi ta kuka. Ina so in canza sunan shiru, ba sai na je Bulkachuwa an yi mini gori ba. Ya halatta?

Mai Nadama, Azare.

Malam Mai Nadama, takaicinka yana kan hanya. Duk wanda ya shiga takara ya san ana faɗuwa. Sai dai zuwa kotu haƙƙinsa ne in yana da hujja, ka bar shi da alƙalai, bai ma san an haifi ɗanka ba. Canza suna kuma ana yi, ka tuntuɓi limaminku, ka kuma hanzarta tun laƙabin nan bai bi yaron ba.

Amma ka sake karanta wasiƙarka. Dangi sun yi nasu zaɓen, Kawu ya ci, kai ka soke sakamakon a kunnen liman. Har yau kana gudun ka ce ka yi kuskure. To me ya raba ka da mutumin naka?

Ka sha mai, ka ɗauki Bara'atu da jariri, ku nufi Bulkachuwa. Ka durƙusa ka ba Kawu haƙuri, in an yi gori ka shanye. Idan ya huce, ka miƙa masa yaron ya raɗa sunan da bakinsa.

Allah ya raya shi, ya sa ya tashi ya tarar da uban da ya iya karɓar kaye.